Gaisuwar Da Ta Kayar Da Ni Jarrabawa

Zuwa ga Inna Marka,

Assalamu alaikum. Inna, don Allah ki agaje ni da shawara. Abin da ke cina ban iya faɗa wa kowa a gidanmu ba, ga lokaci yana ƙurewa.

Ni 'yar Malanville ce, bayan babbar kasuwa aka haife ni. Na yi karatun aikin jinya a Parakou, abin da muke ce wa anfirmiye. Bara na zauna jarrabawar diplom, wadda sai da ita mutum ke samun izinin aiki. Ta rubutu na ci, ban ma sha wuya ba. Wajen gwajin aiki gaban malamai na faɗi, kuma in kin ji dalili sai kin yi dariya.

Wankin miki aka ba ni, wata mata mai ciwo a ƙauri, aikin da na yi ya fi a ƙirga. Na wanke hannu, na jera kayana, na sa safar hannu mai tsabta, wadda in an sa ta ba a taɓa komai sai kayan aikin. Ana haka sai babban likitan da ke shugabantar masu duba mu ya shigo a makare, tsoho mai furfura, sa'an kakana. Inna, wallahi ban san sa'ad da na durƙusa ba. Sai ganina na yi a ƙasa, hannu ya dafa siminti, ina gaishe shi yadda aka koya mini tun ina ƙarama.

Ina miƙewa na san na ɓata safar. Na san abin yi, in faɗa, in canza wata. Amma ni a gidan Kawu Halliru na tashi, yayan mahaifiyata, inda yaro ba ya duban fuskar babba, ba ya buɗe baki sai an ba shi izini. Na tsaya kai a sunkuye, hannuwa a sama. Suka tambaye ni abin da ya rage in yi. Amsar tana kaina da Faransanci, da Hausa, har da Dendi, amma ko ɗaya ba ta fito ba, har lokacina ya cika.

A gida an ɗauka bakin mutane ne ya kama ni, don tun ban gama ba maƙwabta ke kirana likita. Mahaifiyata kullum tana kawo mini rubutun sha. Shi kuwa Kawu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya kuma ɗauki nauyin karatuna da cinikin albasarsa, bai yi faɗa ba. Ya ce dai in sake gwadawa sau ɗaya, in ba a dace ba in dawo shago, dama yana neman mai Faransanci da zai riƙa yi masa hulɗa da 'yan duwan, wato jami'an kwastan. Maganar Kawu ba ta zama biyu. Ban raina shago ba, da shi aka ciyar da ni, amma ba shi raina ke so ba, kuma ina jin zafin abin ƙwarai.

Yanzu jarrabawa ta matso, bayan Sallah ce. In ina karatu ni kaɗai komai lafiya lau. Ina zuwa Madécali a kabu-kabu ina taimakawa a wani ƙaramin asibiti, can cikin mata da yara har cewa ake surutuna ya yi yawa. Amma da na tuna ƙofar ɗakin gwajin nan tana buɗewa, sai gabana ya faɗi. Abinci ma ya daina shiga. Ƙawata Zulfa ta ce akwai wata ƙwaya wurin masu tallar magani a kasuwa, in an sha zuciya na kwanciya, mutum ya daina jin kunyar kowa. Har na je bakin teburin na dawo. Inna, in sha? Ko kuwa in haƙura tun yanzu, kafin in sake kunyata Kawu?

Taki,
Mai Durƙuso, Malanville

Amsar Inna Marka

Wa alaikumus salam, 'yata. Dariyar kam na yi, ba zan ɓoye miki ba, amma irin ta wadda ta san gidan da kika fito.

Ki fara gane wannan: ba durƙuson ya kayar da ke ba, shirun ne. Safar hannu kowa na ɓata ta, har su masu furfurar. Da kin miƙe kin ce ta taɓa ƙasa, za ki canza, ina kyautata zaton sai dai su yi murmushi ki ci gaba.

Tarbiyyar gidanku ba laifi ba ce, kada ki bari wani ya ce miki ƙauyanci ne. Majinyaci na son mai ladabi a kansa. Amma su ma malaman ba zaluntarki suka yi ba. Suna so su san ko bakinki na buɗewa in abu ya ɓaci. Wata rana likitan da ya girmi Kawunki zai rubuta wa jariri maganin da ya fi ƙarfinsa, don gajiya ko mantuwa, kuma ke kaɗai za ki lura. Ranar nan in kika sunkuyar da kai, uwar yaron ba za ta gode miki don ladabi ba.

Ƙwayar Zulfa kuwa, kada ki kusance ta. Ke da kika karanta magunguna kin fi ni sanin abin da ake zubawa a teburan nan. Mai hannu a mace da kai a sama ba ya wankin miki. In faɗuwar gaban ta ci gaba da hana ki ci da barci, ki gaya wa likitan da kike aiki ƙarƙashinsa, ba abin kunya ba ne. Rubutun mahaifiyarki ki karɓa da hannu biyu, ki haɗa da addu'arki, sannan ki tashi ki yi naki.

Littafi kin riga kin sani, ki rage zama da shi. Abin da ba ki iya ba shi ne magana gaban babba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Babban da kika fi jin nauyi yana gidanku. Ki gaya wa mahaifiyarki gaskiyar abin da ya faru, ta kai wa yayanta, ta roƙa miki shi ya zama majinyacinki. Kowace safiya kafin ya fita kasuwa, ki gaishe shi yadda kika saba, durƙuso da komai. Bayan nan ki miƙe, ki wanke hannu, ki auna masa jini, ki ɗaure masa ƙafa kamar mai miki, kina faɗin kowane mataki da Faransanci, murya a sama, a tsaye. In idonsa ya yi miki nauyi, ki dubi bakin hularsa. Ki riƙa ɓata safar da gangan, ki faɗa, ki canza. Ki kuma sa mahaifiyarki ta riƙa shigowa ba zato, ke kuwa ki amsa sallama da baki, hannuwa na wurin aikinsu.

Ranar farko muryarki za ta yi rawa, ta biyu ma haka. Ki bar ta ta yi rawarta, ana jin ki dai. Ki isa Parakou da wuri ki huta, kada ki sauka daga mota ki faɗa ɗakin gwaji. A bakin ƙofa ki ja numfashi a hankali, ki gaida kowa kafin ki taɓa sabulu.

Batun haƙura tun yanzu, ban yarda ba. Kawu dama ɗaya ya ba ki, bai ce ki mayar masa da ita ba a taɓa ba. Kuma mutumin da ya yi shekaru yana sayar da albasa don ki zama anfirmiye, ina jin ba zai ƙi miƙa miki hannunsa ba. Ran da kika dube shi kika ce jininsa ya hau, ya rage gishiri da goro, ya yi gunaguni ya kuma bi, to tsohon Parakou ba zai gagare ki ba.

Allah Ya buɗe bakinki, Ya tsayar da hannunki, Ya sa masu ciwo su samu sauƙi ta dalilinki.

Inna Marka