Masu Neman Aiki a Ƙofar Shagona

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan kalau muke, sai kewarki.

Albishirinki. 'Yarki Uwata, wadda kika dage sai ta yi jami'a, ta samu aiki a wata cibiyar bincike kan matasa da aikin yi. Da farko gwaji suka ɗauke ta: in ta samo matasan da za su yarda a yi hira da su, a tabbatar da ita, in ba ta samo ba, a sallame ta. Ta yi ta yawo suna gudunta, har ta rame. Ni kuwa kin san bakina ba ya riƙe magana. Kalmar aiki kawai na kama, na shiga gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki cewa 'yata tana ofishin da ake ba matasa aiki. Har makaniken da ke maƙwabtaka da ni na yi wa alkawarin za a ba ɗansa aiki.

Wata safiya na zo buɗe shago, na tarar da samari da 'yan mata cike da baranda, kaya sun sha guga, kowa da takardun makarantarsa a leda. Na aika aka kira Uwata. Ta ja ni bayan keken ɗinki, ta ce ita ba ta ba da aiki, nata shi ne ta gano abin da ke sa ɗan talaka ya gama karatu ya tsaya cak, ɗan mai hali kuma ya wuce, don masu tsara karatu su gyara. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta fita ta gaya musu gaskiya ba ragi. Wasu suka tafi suna tsaki, makanike ma har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Amma da yawa suka zauna, don ɗayansu ya ce tun da ya gama makaranta ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake so ya zama. A kan bencina ta yi hira da duk wanda ya yarda, kuma jiya aka tabbatar da ita. Tun jiyan bakina ya ƙi rufuwa, har na ɗinka hannun wata riga a baibai.

Abin da ban gaya wa kowa ba, da ta sallami na ƙarshe sai ta juyo ta yi mini tambayar nan, wai ni me na so in zama. Na yi dariya na ce tela mana. Ta kafa mini ido tana jira, yadda aka koya musu a aiki. Can sai na ji bakina ya ce malamin lissafi. Ke ma da muka tashi gida ɗaya ba ki sani ba, don ranar da Baba ya kai ni koyon ɗinki ban ce uffan ba.

Ki gaishe da maigidanki, da Auta, da 'yan biyu. Gwaggo da uwar yara suna gaishe ki. In za ki ba ni amsa, ki rubuto mini me kika so ki zama. Ni ma ban taɓa tambayarki ba.

Naki har kullum,
Yayanki tela