Takin Da Ya Ɓace Ranar Juma'a

Litinin, 9 Afrilu 1984

Rediyo ta ce soja za su yaƙi cin hanci har ƙauye. Na tsayar da yara a asambili, na karanta musu alƙawarin gaskiya sai da muryata ta dishe. Shekara ashirin ina koyarwa a Beli, ina kallon masu satar alli suna zama kansiloli. Allah ya sa wannan karon a kama wani.

Juma'a, 13 Afrilu

Maza duk suna masallaci. Daga bayan katangarmu na ga mota a ƙofar sito, ana loda takin gwamnati. Mai gadi, tsoho Bappa, ya tafi salla. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne ma'ajin siton, ɗana na fari. Ko a nan hannuna ya ƙi rubuta sunansa.

Alhamis, 19 Afrilu

An kama Bappa. Mutumin da ko jaki ba shi da shi, wai ya kwashe sito.

Asabar, 28 Afrilu

Talatu matar Bappa ta zo, ta durƙusa, ta daɗe tana gaisuwa. Ta ce kwamitin bincike zai zo daga Kano, in ba a sami shaida ba kurkuku ne. Ta ce, "Malama, gidanku ne ke kallon siton." Na ce in sha Allahu ba zan yi shiru ba. Da gaske nake.

Laraba, 2 Mayu

Kwamiti ya zauna a Ƙaraye. Shugabansu ya tambaye ni ko na ga ma'aji ranar. Na buɗe baki ke nan, Malam Sulle limami ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan farinta ne. A nan uwa ba ta kama sunansa, balle ta yi zancensa cikin mutane."

Suka yi murmushi, suka ba ni haƙuri, har ɗaya ya yaba tarbiyyata. Sai na ja mayafi na rufe fuska. Ni, wadda ta taɓa tsinka sufeton makarantu a gaban malamai. Ba wanda ya riƙe min harshe. Kalma ɗaya ce: eh.

Alhamis, 3 Mayu

An wuce da Bappa Kano. Talatu ta gaishe ni a bakin rijiya, cikin ladabi. Da ma zagina ta yi.

Litinin, 14 Mayu

Na ce abokiyar aikina Malama Lauratu ta riƙa karanta wa yara alƙawarin. Maƙogwarona na ciwo.

Lahadi, 20 Mayu

Ruwa ya sauka sosai, kowa na shuka. Yaron nawa ya aiko min da taki don gonar gyaɗata. Na ce a mayar masa. Ɗan aiken ya ajiye a zaure ya tafi, ban kira shi ba. Zauren yana yoyo, shi ya sa na sa aka shigo da takin ɗaki. Don kada ya jiƙe ne kawai.