Mayyar Armaya'u Mai Wushirya

Batsari, ranar Lahadi

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Jinjiri. Ya Safana, ya kuma zaman ɗarɗar? Tunda aka yanke sabis ɗin waya sai takarda, Musbahu mai mashin zai kawo miki.

Yaya, kishi ke cina, kuma da takarda nake kishin. Kin tuna fim ɗin mayun nan uku 'yan'uwa, mai fassarar Hausa, wanda ya ƙare an bar ƙaramarsu a cikin rijiya? To mijina Armaya'u ya ajiye fentin allunan shaguna, wai shi zai ci gaba da labarin da zane. Yana zanawa, a yi fotokofi, matasa na rububi.

Ya fito da ƙaramar daga rijiya, amma da sabuwar fuska: wushirya, dogon wuya, ga wani kallo ta gefen ido. Sai ya wuni yana gyara mata gira, tuwona na sandarewa a kwano. Na bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya da ido, har Zuwairatu mai awara na sa ta yi dariya don in ga haƙoranta. Ba ita ba ce.

Na ce ya zana ni. Ya ce Allah ya kiyaye, duk wadda aka gane fuskarta a littafin mayu ta shiga bakin duniya. Na nace, ya ɗauki fensir, ya ɗago ya dube ni, ya sake ɗagowa, ya sake, daga ƙarshe ya yaga takardar.

Ki taya ni da addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Adawiyya

Batsari, ranar Alhamis

Yaya Hansai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, saƙonki ya iso, na karanta.

Ashe littafin ya kai Safana. Ashe yara na watsewa in kin doso famfo, mata na janye goyonsu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗan maƙwabtanku da zazzaɓi ya kama, aka taru aka sa ki tsallaka shi a gaban jama'a wai ki sakar masa kurwa. Ke da ko kaza ba kya iya yankawa! Na yi kuka wallahi.

Na ɗauko littafin na sake dubawa. Wushiryarki ce. Wuyanki ne. Har tabon da murhu ya yi miki a haɓa muna yara a Runka yana nan. Ina ta neman mace a Batsari, ban taɓa kawo fuskar gidanmu a raina ba.

Na tare shi. Ya rantse bai sani ba, wai hannunsa ne ya tafi da kansa. Da ya ce da gangan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Sai yanzu na tuna cewa kafin a ba da ke, zauren Baba ba don ni yake zuwa ba.

Gobe bayan Juma'a zan taso shi gaba mu zo, ya tsaya gaban mai unguwa da surukarki ya faɗi cewa ƙirƙira ce, ya wanke ki. Wannan haƙƙinki ne, ba zan bari ya kwana ba.

Amma kada ki fito gaishe shi, Yaya. Na san ke aka zalunta, ni aka kare. Sai dai tun bikina bai ƙara ganinki ba, ba shi da hotonki, ya zana ki har da tabo. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, da zai zana ni sai da ya ɗago ya dube ni.

Ki gaida Jinjiri.

Ƙanwarki,
Adawiyya