Malam, Ka Ga Yadda Aka Yi wa Babur Ɗinka

Zuwa ga maigidana, Malam Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai na fita takaba lafiya, yara ma suna nan ƙalau. Amma raina a ɓace yake, kuma ban ga wanda zan kai wa ƙara ba sai kai.

A kan babur ɗinka ne. Ka san da shi muke ci. Ni in soya ƙuli in matse man gyaɗa, kai ka ɗaura a baya ka kai kasuwannin ƙauye. Maƙwabcinmu Malam Iro ya yarda zai riƙa kai mini kayan, in dai babur ɗin zai tashi.

To, ana gama sadakar bakwai ƙanenka Lawal ya yi sallama. Wai sojoji za su koma bariki, za a yi zaɓe, ɗan takarar su Lawal yana neman masu babura a bayansa. Ina cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa. Na miƙa masa makulli ta bayan labule, don na ji kunyar a ce na hana ɗan'uwanka.

Ya ƙare yawonsa da shi har aka gama zaɓe. Sannan ya sa tiyo ya zuƙe ɗan man da ya rage, ya jingine shi a bayan gidanmu ƙarƙashin indararo, murfin tankin a buɗe. Haka damina ta ƙare a kansa, ina ɗaki ina zaton yana hannun mutum.

Kai da ba ka taɓa kwanciya ba ka duba mai ba! Ko ba mu da na cefane sai ka ɗan ƙara, kana cewa, "Tanki in ya kwana da yunwa, zufa shike yi." Ina maka dariya, ina cewa ka fi tausayin ƙarfe a kaina. Ashe gaskiyarka ce.

Ranar da na fita na gan shi, sai da na zauna a ƙasa. Na turo shi zaure, na ɗauko sifanarka na kwance tankin da kaina. Da na tuntsurar da shi, wani jan ruwa ya zubo kamar an jiƙa jar kanwa, ga ɓarɓashin tsatsa guntu-guntu.

Na yi yadda na ga kana yi. Na wanke tsakuwa na ɗura, na zuba kananzir, na toshe baki, na rungume shi ina jijjigawa kamar mai kaɗa nono a gora. In zubar, in sake. Ƙararsa ta sa matan unguwarmu ta Ƙofar Durbi suna leƙowa ta katanga, suna zaton na zautu. Kafaɗuna har yau ba su dawo daidai ba. Da kananzir ya fara fitowa fari, na shanya tankin a rana. Na ga wata 'yar huda a gindinsa, na liƙe da sabulu kafin a kai wa mai walda.

Ina cikin haka ƙamshin man nan ya buge ni, irin wanda kake shigowa da shi a hannun rigarka. Malam, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Sai ga Lawal jiya da hular jam'iyya. Mutuminsu ya ci, za a yi rantsuwa, yana son babur don jerin gwano. Ko sannu bai ce mini ba. Wai ma wa ya ba mace izinin taɓa inji, kuma ai kayan gado ne, shi ma yana da haƙƙi. Alhali ka bar ɗa namiji!

Ban ɗaga murya ba. Na ce ga shi nan a zaure, ya ɗauka. Ya daɗe a tsaye yana kallon babur ba tanki, sannan ya fita ko sallama babu. Tankin yana ƙarƙashin gadona, na naɗe shi da zane, kuma ba zai fito ba sai ranar da za a ɗaura kayana.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya mana yaran nan. Lawal kuwa, Allah Ya shirye shi, don ni ban huce ba tukuna.

Taka har kullum,
Binta