An Sa Mini Mari Kan Ƙwayar da Ban Taɓa Sha Ba

Gwaggo Najiba, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, amma ina roƙonki tun farko kada ki ce in yi haƙuri. Na ji kalmar nan har ta ishe ni.

Ni wanzami ne, shekarata talatin da huɗu, daga wani ƙauye a ƙasar Kafur. Askar nan gadonta na yi wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ranar kasuwar Malumfashi kowa ya san gindin bishiyar da nake zama. Bara, wajen kaka, jikina ya fara canzawa. Sai in ci malmala uku ta tuwo, amma kullum ramewa nake yi. Ana sanyi mutane suna jin wuta, ni ina zufa. Ƙirjina yana bugawa kamar na yi tsere, idanuna suka firfito. Abu kaɗan sai faɗa, matata Maijidda ta sha wahalata, wannan ban musa ba. Wanda ya fi muni, hannuna ya kama rawa. Ranar da na yanki wani dattijo a bayan kunne, mutumin da na yi shekara goma ina yi wa aski, kafin la'asar magana ta zagaye kasuwa cewa ƙwaya nake sha.

Yayana Ummaru, wanda shi ne babba a gidanmu, sau ɗaya ya tambaye ni. Na rantse masa, ya ce duk mashaya haka suke rantsuwa. Bayan kwana biyu ya zo da mutum biyu, suka kai ni wani gidan mari a wajen Funtua. Kwana ashirin da uku na yi da ƙarfe a ƙafa, har yau tabon yana nan. Idan hannuna ya yi rawa sai su ce ƙwaya ce take fita. Da na suma a tsakar gidan, Maijidda ce ta taso mahaifinta, suka tsaya kai da fata sai da aka sake ni, suka wuce da ni asibiti.

Likitar da ta duba ni ta taɓa wuyana, ta sa aka ɗebi jinina. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya da suke kira tayirod, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tana fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki, ni kuma tawa ta wuce gona da iri. Ko sigari ban taɓa sha ba, Gwaggo.

Yanzu wata takwas ina shan magani. Hannuna ya tsaya, na yi ƙiba. Amma rabin masu zuwa wurina ba su dawo ba, askin suna kuwa an daina kirana, wa zai miƙa jaririnsa ga wanda aka ce ɗan ƙwaya ne? Takardar gwajin tana cikin zabirata, duk wanda ya yi mini wani kallo sai in fito da ita. Ummaru bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Buhun masara ya aiko da saƙon cewa ƙaddara ce, na mayar masa da kayansa. Na faɗa wa Innarmu, duk da tana kuka, cewa ba zan sake taka gidansa ba sai ya miƙe a masallaci bayan Juma'a ya wanke sunana da bakinsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya a tasha na haɗu da Yasmin, 'yar Ummaru ta fari, wadda aka aurar bara. Ta rame, idanunta sun fito, ledar da ke hannunta tana karkarwa. Maijidda ta ce an dawo da ita gidan ubanta, wai aljanu ne, ana ta yi mata hayaƙi. Ni na san abin da na gani. Raina ya ce in bar Ummaru ya ji yadda ake ji, amma yarinyar nan a kafaɗata ta girma. Duk da haka ba zan karya maganata ba. Shi ya ɓata, shi zai fara takowa. Ko na yi laifi?

Wanzami, daga ƙasar Kafur

Wa alaikumus salam, ɗana Wanzami.

Ba zan ce ka yi haƙuri ba. An zalunce ka. Mara lafiya aka ɗaure, aka kuma taɓa masa sana'a da mutunci, neman a wanke sunanka haƙƙinka ne.

Amma ka dubi ɓangaren yayanka na ɗan lokaci. Rama, rawar hannu da saurin fushi, su ne alamomin da iyaye da yawa suka gani kafin ƙwaya ta cinye musu 'ya'ya. Ina jin tsoro ne ya tura shi, ba ƙiyayya ba. Laifinsa shi ne ya tsallake asibiti, ya kuma ƙi yarda da rantsuwarka. Masarar nan wataƙila ita ce ban-haƙurin da bakinsa ya kasa furtawa. Ba ta isa ba, na yarda, domin abin da aka ɓata a bainar jama'a ba a gyara shi a ɓoye.

Sai dai ka haɗa magana biyu da bai kamata su haɗu ba. Yasmin ba ta sa maka mari ba. Daga wasiƙa ba zan iya cewa ciwonku ɗaya ba, gwajin jini ne zai nuna. Amma ciwon nan yakan bi dangi, ya fi kama mata, idan aka bar shi yana raunana zuciya, yana kuma iya jawo ɓari ga mai ciki. A gidanku kaf kai kaɗai ka san kamanninsa. Ba sai ka karya maganarka ba: ka ce ba za ka shiga gidan ba, to kada ka shiga. Ka tura Maijidda wurin Inna da uwar yarinyar, ka kira mijin Yasmin ka nuna masa takardarka, a kai ta wurin likitarka cikin makon nan. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Batun sunanka kuwa, ka sassauta hanya, kada ka sassauta buƙata. Da wuya babban wa ya miƙe a masallaci ya ƙaryata kansa. Ka sa liman ko mai unguwa ya zaunar da ku, ka ba Ummaru zaɓi: ko liman ya yi bayanin Ummaru yana tsaye kusa da shi, ko ranar kasuwa ya zo ya zauna a gabanka, ya cire hula, ka yi masa aski kowa yana gani. Wanda ya ga ya miƙa maka wuyansa ba zai nemi ganin takarda ba.

Kada ka daina magani don ka ji sauƙi, sai likita ta ce. Idan ka ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ka koma asibiti a ranar. Gidan marin nan ma a sanar da hukuma, mai yiwuwa akwai wani irinka a ɗaure. Ka kuma gode wa Maijidda da bakinka, ita ma tana da ban-haƙurin da take jira daga gare ka.

Rigimarka da Ummaru za ta iya kai shekara, ku biyu kuna da ƙarfin jira. Yasmin ce ba ta da shi. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara maka taka, ya sa albarka a askarka.

Gwaggo Najiba