Tabarmarki Ta Fitar da Mu

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Kawu, ya ƙafar taki? Ina fatan su Ladidi da yara duk lafiya. Mu nan Birmingham sai godiya, sai dai sanyi.

Gwaggo, tabarmar kabar nan da kika cusa mini a jaka ta gama yawo. Ranar Asabar muka shirya zuwa Manchester sunan jaririyar ƙawata Sadiya, waina cike da kula, ga shi ni ake jira in yi wa mai jego rakiya. Baban Amira ya zuba bargo, tocila da shebur a but ɗin mota, ni kuma na ɗora tabarmar don zaman mata.

Ko unguwarmu ba mu bari ba motar ta kafe a wani hawa, taya sai juyi take kan ƙanƙara. Muka haƙa, a banza. Na tuna yadda Kawu yake shimfiɗa buhu idan laka ta riƙe akori-kurarsa. Na tura tabarmar ƙarƙashin tayar gaba, na ce wa Baban Amira ya sa giya ta biyu, ya taka a hankali. Sai ga mota ta haye! Amira tana tsalle tana "Mum, you did it!"

Mun isa lafiya, wainar da sauran ɗuminta. Tabarma kam ta zama tsumma.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. In mai zuwa ya samu, a aiko mini biyu: ɗaya ta falo, ɗaya ta mota.

'Yarki,
Maryam