Ɗaurin Kan Aslaug

Litinin, 6 ga Mayu

Kwali goma sha ɗaya na ɗaure yau. Saura kwana ashirin in bar garin Turawan nan, Norheimsund, bayan shekara goma sha huɗu ina jinyar tsofaffi. Kowa a wurin aiki sai ya tambaye ni ko zan yi kewa. Kewar me? Ruwan sama? Kifi a kan burodi da sassafe? Jos na jira na, ga aiki na samu a asibiti.

Laraba, 8 ga Mayu

Gari ya fara haukarsa ta kowace shekara, shirin bikin ƙasarsu na sha bakwai ga Mayu. Ana wanke tituna, 'yan badujalar makaranta sun ishe mu da waƙa ɗaya tun watan jiya, mata kuma sun ciro bunad, kayan gargajiyarsu, daga kabad suna rantsuwa wai kayan ne suka tsuke a rataye. Ban taɓa jin wadda ta ce ita ce ta ƙara ƙiba ba.

Ni ranar sha bakwai ga Mayu aiki nake karɓa kullum, masu ƙasa su je su yi ta ihunsu. Bana an cire ni daga jadawali, wai kyautar sallama.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na sauka wurin Aslaug, maƙwabciyata ta ƙasa, in mayar mata da tukunyarta. Shekararta tamanin da uku. Na tarar da bunad ɗinta shimfiɗe a gado, azurfa ta sha gogewa, farar riga ta sha guga, ita kuma tana zaune tana kallonsu.

"Bana ba zan fita ba, yarinya." Shekarata arba'in da bakwai, amma a wurinta yarinya ce ni.

Skaut ne matsalar, farin ɗankwalin nan mai sitaci da matan aure ke sawa. Ɗaura wa kai wuya gare shi, balle ga mai yatsun da sanyin ƙashi ya murɗe. Ƙanwarta Torbjørg ce ke ɗaura mata sama da shekara hamsin, ta rasu a watan Janairu.

Na ce, Inna, ki fita babu shi mana. Ta dube ni kamar na ce ta fita ba zane. "Ni na yi aure, Barira. Don mijina Olav ya mutu ai ban koma budurwa ba."

Tun tana 'yar shekara shida ba ta taɓa fashin ranar ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Asabar, 11 ga Mayu

Bakina ya ja mini. Na ce mata ɗauri ai ɗauri ne, ni da nake ɗaura wa amare gwaggwaro tun ban gama sakandare ba. Na zaunar da ita, na ja, na murɗa, na tayar da shi sama, na fitar da kunne ta dama. Wallahi ya yi kyau.

Da ta ga madubi sai da haƙoran robarta suka nemi faɗowa. "Wayyo cikina! Kin mai da ni jirgin ruwa!"

Dariyar ta tsaya da muka kwance. 'Yan ƙananan ninkin nan da ke jere a jikin yadin, duk na murƙushe su. Ashe Torbjørg ce ta yi su da hannunta bara, ɗaya bayan ɗaya. Aslaug ta shafa wurin ta ce, "Ba komai, ta yi biyu. Saura ɗaya a durowa."

Lahadi, 12 ga Mayu

Kunya ta hana ni bi ta ƙofarta. Ta baya na fita.

Talata, 14 ga Mayu

Aslaug ce ta hawo da kanta, da sanda, da hoton aurenta, da rigar filo. Da rigar filon muke gwaji yanzu, sau tara yau. Ashe akwai ɗan abin da ake ɗorawa a ka kafin yadin, wanda na ture gefe ran Asabar don na zaci marikin labule ne.

"Ba a jan sa, lallaɓa shi ake yi! Ke da mutum kika iya lallaɓawa, yadi ya gagare ki?"

Tsoronta ɗaya, Gunvor Tveit, mai tsayawa a ƙofar coci duk shekara tana duba kayan mata. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wadda ta isa ta wuce ba ta duba ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ƙarfe bakwai aka harba igwa, ni tuni ina ƙasa. Riga, siket, ɗamara, azurfa, sannan na ciro yadin ƙarshe daga durowa. Na yi bisimilla a fili. Aslaug ta ce, "Ƙara, yarinya, ba ta yin yawa." Na lallaɓa yadin har fil na ƙarshe.

Ta daɗe gaban madubi. Abin da ta ce kawai, "Ɗauko min tuta."

Ni koriyar atamfata na sa, na kafa gwaggwaro na son raina. Tuffa ta yi fure duk gangaren, ruwa ya ɗauke, yara sun jero aji aji suna ihu, 'yan badujala kuma yau sun dace da waƙarsu.

Gunvor ta zagaya Aslaug sau biyu. Sai ta nuna ɗaurin.

"Wa ya ɗaura?"

"Yarinyata."

Gunvor ta dube ni daga gwaggwaro zuwa takalmi. Sai ta matso ta rage murya. "Nawa zamewa yake ta baya tun safe. Matar ɗana ce ta ɗaura, a waya ta koya." A bayan coci na gyara mata. Kafin in gama wasu tsofaffi biyu sun tsaya a layi, kowacce riƙe da kanta.

Aslaug ta sha ayis kirim biyu, ta ɗiga a rigar da ta yi kwana uku tana guga, ba ta ko damu ba. Ni uku na sha. Na ma yi ihun nan nasu, da ƙarfi kuwa. Na ji daɗin yau, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Na kira matar ɗan Gunvor in koya mata saboda baɗi. Tana da kirki, amma hannunta na faskare ne. Aslaug ta zauna ana ta jagwalgwala mata kai da rigar filo. Da matar ta tafi ta ce, "Za ta koya." Ba ta roƙe ni komai ba. Da ma ta roƙa, da na san abin da zan ce.

Alhamis, 23 ga Mayu

An kwashe kwalaye, ɗakin sai amsa kuwwa.

Na rubuta wa asibitin Jos cewa a watan Mayun baɗi zan buƙaci hutun mako biyu. Ko fara aikin ban yi ba. A takardar akwai wurin rubuta dalili, na sa "bikin dangi". Na daɗe ina kallonsa, sannan na aika a haka.